Durowar da Malam Yusha'u Bai Buɗe Ba

Akwai wani aibi da ya yaɗu a tsakanin mutanenmu har ya kai ba a lissafa shi cikin aibobi. Idan abu ya yi wari, ba a tambayar daga ina warin ya fito, sai a tambayi wa ya ji. In ba wanda ya ji sai 'yan gida, a ɗauka ba abin da ya faru. In kuwa baƙo ne ya ji, to musiba ta sauka, kuma jin baƙon ake kira musibar, ruɓewar ba ta cikin lissafi. Shi ya sa za ka sami gidan da kwatarsa ta toshe tun damina, mutanen gidan suna tsallake ta safe da yamma ba wanda ya ɗauki tsinke, amma ranar da surukai za su zo a aika kasuwa sayen turaren wuta. Masu wannan hali suna kiransa kunya. Kunya kuwa abu ce mai kyau, addini ya yabe ta. Sai dai kowane abu mai kyau yana da iyakar da in ya wuce ta yakan koma wani abu dabam, alhali yana riƙe da tsohon sunansa.

Malam Yusha'u ya shafe shekara goma sha bakwai yana yaƙi da wannan aibi da tsintsiya da bokiti, kuma sau ɗaya tak aibin ya kama shi. Sau ɗayan ne ya yanke yadda aikinsa ya ƙare, don haka ya kamata a bi lamarin daki-daki.

Haifaffen Ruwan Bago ne, a ƙasar Rogo, ɗan manoma jikan manoma, masu dawa da gyaɗa. Ya yi allo, ya gama firamare, ya yi aure. Da gonar gado ta yi wa 'ya'yan gidan kaɗan, mahaifinsa Malam Sulle ya ɗauke shi suka je gaida Alhaji Aƙilu, ƙanen dagacinsu, wanda a lokacin babban ma'aikaci ne a ƙaramar hukuma. Alhaji Aƙilu ya rubuta 'yar takarda, takardar ta sama wa Yusha'u aikin lebura a wani asibitin gwamnati na ɓangarenmu na Karaye da Rogo. Ba za a ambaci sunan asibitin ba, domin masu aiki a cikinsa yau ba su da hannu a abin da za a faɗa. Shekara biyu yana shara da ɗiban ruwa. Sai dattijon da ke kula da ɗakin ajiye gawa, wanda kowa ke kira mutuware, ya yi ritaya. Aka tara leburori a ji wanda zai karɓa. Shida suka kawo uzuri, kowa da irin nasa, har da wanda ya ce shi mafarki ke damunsa. Yusha'u ya tafi sallar azahar a lokacin, saboda haka bai kawo uzuri ba, aka rubuta sunansa.

Wanda bai san yankin ba zai ce me za a yi da mutuware a ƙasar Musulmi, inda wanda ya rasu da hantsi ake rufe shi kafin la'asar. Gaskiya ne, ɗan gari ba ya kwana a ɗakin sai nadiran. Baƙi ne ke kwana: wanda mota ta kaɗe ba takarda a aljihunsa, karen motar da ya faɗo daga kan buhunan masara, ɗan ci-rani da ciwo ya kayar a kasuwa, gawar da 'yan sanda suka ce a riƙe sai sun gama bincike, da mutanen Kudu masu shaguna, waɗanda danginsu ke bukatar kwana huɗu ko biyar kafin su haɗa mota su iso. Wato waɗanda ba su da kowa a kusa. Wani watan ɗakin ya zauna wayam, wani makon a sami uku.

Ɗakin yana can ƙarshen asibitin, jikin katanga, rufin kwano ba silin. A cikinsa akwai teburin siminti na wanka, da magudanar ruwa, da firji mai durowa uku, ɗaya bisa ɗaya. Firjin lafiyayye ne in akwai wuta. Wutar ce ba ta da tabbas: ta zo awa uku, ta tafi kwana biyu. Janaretan asibiti ba a tayar da shi sai za a shiga tiyata, kuma babu mai hankalin da zai ce a ƙona man dizal domin matacce alhali ga rayayye a kan gado. Yusha'u bai taɓa jayayya da wannan ba. Abin da ya sani kawai shi ne firjin da ba wuta akwatin ƙarfe ne a rufe, kuma a bazara akwatin ƙarfe a rufe ya fi fili saurin ɓata abin da ke cikinsa.

Don haka ya tsara wa kansa hanyar aiki, wadda ba wanda ya koya masa ita gaba ɗaya. Farkonta iska. Ya roƙi birkila ya fasa tagogi biyu a sama kusa da rufi, ɗaya gabas ɗaya yamma suna kallon juna, ya sa musu raga saboda ƙuda, kuma ba ya rufe su ko ana ruwa. Ya shimfiɗa zana a bisa kwanon rufin ta tare rana. Gawa in ta iso ba ya jiran gobe. In ba a hana taɓa ta ba, zai wanke ta, ko ya kira wata dattijuwa cikin ma'aikata in mace ce, a toshe hanci da baki da auduga, a naɗe. In an ce za ta daɗe, ya nemo ma'aikacin jinya a yi mata allurar fomalin, maganin nan mai yaji da ke sa ido hawaye. In wuta ta ɗauke ya hau keke zuwa wurin masu ƙanƙara, ya ɗauko manyan dunƙule a buhu ya jera a gefenta. Daɓen kuwa sau biyu yake wanke shi kullum da ruwa da aizal, maganin kashe ƙwayoyin cuta, yana korawa daga bakin ƙofa zuwa magudana, sannan ya zuba farar ƙasa a cikin magudanar, domin a cewarsa rabin warin mutuware daga ramin da aka manta yake fitowa, ana ɗora wa mamaci alhaki.

Sai gawayi. Kwanduna huɗu yake ajewa a kusurwoyin ɗakin, cike da gawayin da ba a kunna ba, saboda gawayi yana shan wari kamar yadda soso ke shan ruwa. Duk bayan kwana uku ya sauya. Matarsa Tani ta taɓa ba shi shawarar ya riƙa kawo tsohon gida ta yi girki da shi kada a yi asara. Kallo ɗaya ya yi mata, ba ta sake ba.

Abu ɗaya ya haramta a ɗakin, shi ne turare, na wuta ko na fesawa. Dangin mamata sukan zo da shi da kyakkyawar niyya, ya karɓa ya yi godiya, ya ce a bari sai an gama wanka an sa likkafani za a fita, nan ne muhallinsa. Hujjarsa biyu ce, kuma duka biyun suna tsayuwa. Ta farko, hanci shi ne ma'aunin da ya mallaka. Da safe in ya buɗe ƙofa, shaƙa ɗaya ke gaya masa ko ƙanƙara ta narke, ko magudana ta toshe, ko akwai durowar da ke bukatar a duba yanzu. Wanda ya turara ɗakin ya karya masa ma'auni. Ta biyu yakan faɗe ta da kalmominsa: "Turare da wari ba faɗa suke yi ba, aure suke yi. Abin da suka haifa kuwa ya fi uban muni." Ya ce ya san wata mata da ta zo ɗaukar gawar ɗan'uwanta a wani wuri ta tarar an turara ɗakin, tun daga ranar ba ta iya zama a gidan biki.

Mutanen gari sun ba shi haƙƙinsa irin yadda suka saba ba masu irin aikinsa. Suna kiransa Yusha'u Mutuware. A masallaci akan sami 'yar tazara tsakanin kafaɗarsa da ta na kusa da shi, duk da liman ya ce a daidaita sahu, alhali mutumin yana wanka kafin ya bar asibiti, kayan aikinsa kuma ba sa ƙetare ƙofa. 'Yan acaɓan bakin asibiti suna tsokanarsa kowace safiya.

"Malam, ya baƙinka, sun tashi lafiya?"

"Ba wanda ya kawo ƙara," yakan amsa ba tare da ya rage tafiya ba. "Ku dai ku ci gaba da gudun nan, akwai wuri."

Durowa ta uku, ta ƙasa, ita ce abin da ya gagare shi. Wata bazara aka kawo gawar wani da aka tsinta a bakin hanya, aka ce kada a taɓa sai an gama bincike. Wuta ta ɗauke kwana shida, masu ƙanƙara ma ba su da wuta. Kafin a ba da izinin binnewa, abin da ya tsiyaya ya riga ya bi ta tsagar ƙarfe ya shiga soson da ke cikin bangon firjin, inda hannu ba ya kaiwa. Yusha'u ya wanke durowar har ya daina ƙirga. Ya cika ta da gawayi, ya zuba farar ƙasa, ya bar ta a buɗe yana shan azaba. Mu'az mai gyaran firji ya zo ya duba, ya fita waje ya tofar da yawu, ya ce sai dai a kwance bangon a sake soso, kuma ko an sake, in wutar ba ta tsaya ba wata bazarar nan za a koma. Daga nan Yusha'u ya rufe durowar ba kowa a ciki, ya ɗaure bakinta da robar tsohuwar tayar keke, ya daina amfani da ita. Mutuware mai ɗaukar uku ya koma mai ɗaukar biyu. Ya sanar da ofis sau da yawa, aka ce an ji.

Ana nan sai wata ƙungiya ta 'yan asalin yankin mazauna Kano, 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata, ta yanke shawarar yi wa asibitin alheri. Za ta kafa wutar sola guda ɗaya, mai ƙarfin riƙe sashe ɗaya dare da rana. Ɗakin haihuwa da na gwajin jini sun riga sun sami tasu daga wani wuri. Saura biyu ke takara, mutuware da ginin ofisoshi. Ƙungiyar ta ce ba za ta yi aiki da jita-jita ba, za ta turo mutum biyar su gani da idonsu, inda ya fi bukata nan za a kafa. Jagoran tawagar Alhaji Aƙilu ne, wanda yanzu ya tsufa ya yi ritaya.

Yusha'u ya gane matsalarsa kafin kowa ya gaya masa. Shekara da shekaru yana aiki don kada ɗakin ya yi wari, ya kuma yi nasara, yanzu nasarar ce za ta ba da shaida a kansa. Wata ma'aikaciyar jinya mai yi masa fatan alheri, Sista Bahijja, ta ba shi shawara ba ɓoye-ɓoye: ya bar wankin daɓe kwana uku, ya kwashe gawayi, ya ƙyale ƙanƙara, baƙi su shigo su ji da hancinsu. A lokacin akwai gawa ɗaya a durowar sama, wani magidanci mai sayar da kayan gyaran babur, danginsa suna hanya daga Kudu. Yusha'u ya ce ba zai iya ba. Mutumin amana ne a hannunsa, matarsa za ta zo ta ga fuskarsa, ba zai mai da shi takardar koke ba. Amma yana da shaidar da ba ta cutar da kowa, ita ce durowa ta uku. Zai bar baƙi su shigo ɗaki mai tsabta, ya yi musu bayani, sannan ya kwance robar ya ja durowar kamar taƙi guda, ya ce ga abin da rashin wuta ke yi. Sista Bahijja ta ce in ya yi haka ko sola biyu ya nema za a ba shi, ta dai roƙe shi ya gaya mata lokacin don ta kasance a wani wuri.

Dabara ce mai kyau, kuma halal, ba ƙarya a cikinta, ba cin zarafin mamaci. Ya gwada jawabinsa sau uku a gaban Tani, tana tankaɗe tana gaya masa inda ya yi tsawo.

Sakataren asibitin, Malam Abdulmumini, mutum ne mai son a fita kunyar baƙi. Daga baya wasu sun ce da gangan ya yi abin da ya yi don sola ta faɗo ofishinsa. Babu hujja a kan haka, kuma waɗanda suka san shi sun ce dabararsa ba ta kai nan ba. Abin da ya dame shi shi ne manyan mutane, iyayen gari, za su zo daga Kano a kai su ɗakin gawa su ji abin da ba daɗi, su koma suna cewa asibitinmu ƙazanta. Ranar ziyarar da safe ya karɓi makulli, ya aiki Yusha'u ya sayo ƙanƙara ninki biyu, wanda aike ne na gaskiya, domin har da ta sanyaya lemon baƙi. Kafin ya dawo, sakatare ya sa masu shara sun shiga da kasko uku na turaren wuta mai kyau, irin na amare, wanda ya karɓo daga wurin matarsa. Aka hau tsani aka toshe tagogin sama da kwali kada ƙamshin ya gudu. Aka kwashe kwandunan gawayi aka ɓoye bayan ɗaki, saboda ba su da kyan gani.

Yusha'u ya dawo da buhu a bayan keke, ya tarar hayaƙi na fita ta ƙarƙashin ƙofa. Ya jingine keken, ya tambayi sakatare cikin ladabi ko wani babba ne ya rasu. Sakatare ya ce ba wanda ya rasu, gyara ne.

"Ranka ya daɗe, garwashi kasko uku a ɗakin da nake saya wa ƙanƙara?"

"Na awa ɗaya ne, Malam Yusha'u. Baƙo ba ya shiga ɗakinka ya toshe hanci. Ko a gidanku haka ake yi?"

"A gidanmu ba ma ajiye gawa."

"To yau dai ka yi haƙuri. Ka kuma sa hula."

Ya fitar da kasaken da hannunsa, ya jera wa mutumin durowar sama ƙanƙara, amma kafin ya ɗauko tsani ya cire kwalayen, motocin tawagar suka shigo, aka kira shi hidimar baƙi. Wajibi ne a faɗi a nan cewa turaren bai rushe dabarar ba. Durowa ta uku ta fi ƙarfin kasko talatin, kuma Yusha'u ya san haka. Abin da zai yi yana nan a hannunsa.

An fara kai tawagar ginin ofisoshi. Suka zauna kusan awa guda a ɗakin taro, ba wuta, fanka a tsaye, suna sauraron jawabin maraba, gumi yana bin wuyan manyan riguna. Aka ci abinci. Sannan aka taho da su ƙarshen asibiti. Huɗu daga cikinsu suka tsaya nesa da ƙofar mutuware, kowa ya tuna yana da kiran da zai amsa a waya. Alhaji Aƙilu kaɗai ya shiga, da sandarsa da farar rigarsa. Yusha'u ya durƙusa ya gaishe shi. Dattijon ya dube shi da kyau.

"Kai ne ɗan Sulle na Ruwan Bago?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Allah ya jiƙan Sulle. Ni na rubuta maka takarda."

"Kai ne, ranka ya daɗe. Ban manta ba."

Alhaji Aƙilu ya shaƙi iskar ɗakin, ya dubi daɓe, ya dubi teburin wanka, sannan ya leƙa waje ya kira abokan tafiyarsa, ya ce su shigo ba abin tsoro, su zo su ga yaron da ya kawo. Ya ce an gaya musu wurin nan ba ya shiguwa, ga shi ɗakin kwanansa ma bai kai nan ƙamshi ba. Suka shigo ɗaya bayan ɗaya suna yaba wa Allah. Dattijon ya matsa ya jingina da firjin saboda gwiwa, gefen rigarsa yana shafar durowa ta uku, ya ɗora hannu a kafaɗar Yusha'u.

"Ka fitar da ni kunya, ɗana. Akwai wata matsala?"

"Sai dai wuta, ranka ya daɗe."

"Wuta ai ko'ina haka take, har Kano."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Alhaji ya nuna ƙasa da bakin sandarsa. "Wannan fa, me ya sa aka ɗaure ta da roba?"

"Ba a amfani da ita, ranka ya daɗe."

Dattijon ya juya wurin abokansa. "Kun gani, har rara gare su."

Aka yi addu'a aka fita.

Ya kamata a auna wannan da adalci, domin hukunci ba tare da awo ba shi ma wata ƙazanta ce. Don Yusha'u ya buɗe durowar, sai ya ce wa dattijon da ya kai mahaifinsa ya matsa, sannan ya sunkuya a ƙafafunsa ya saki abin da ke ciki a fuskarsa, bayan ya ci abinci, a gaban sa'o'insa, minti biyu bayan ya gama alfahari da shi. Wato ya ƙaryata wanda ya sama masa abin da yake ci da iyalinsa. Duk wanda aka yi wa tarbiyya a ƙasar nan ya san nauyin haka, kuma wanda ya ce shi da kai tsaye zai buɗe, a tambaye shi sau nawa ya taɓa gyara wa babba ko da kwanan wata. Wannan duk uzuri ne. Amma uzuri yana rage laifi, ba ya sauya sakamako. Alhaji Aƙilu bai zo a girmama shi ba, ya zo a nuna masa, kuma ya yi tambaya sau biyu. Ɓacin ran da aka kare shi daga gare shi na rabin yini ne, ya wanke riga ya manta. Waɗanda aka ɗora wa nauyin kuwa baƙi ne da ba su riga sun mutu ba, ba su san sunan garin ba, ba wanda ya nemi shawararsu. Sakatare ya rufe abin da turare, Yusha'u ya rufe shi da "haka ne, ranka ya daɗe", kuma na biyun ne ya yi aiki.

Tawagar ta rubuta abin da ta gani, kuma ba ta yi ƙarya ba: ofisoshi ba sa zaunuwa don zafi, mutuware kuwa yana cikin kyakkyawan yanayi, har da durowar da ba a bukata. Aka kafa sola a ginin ofisoshi. Yusha'u ya cire kwalayen a ranar, ya mai da gawayinsa, matar mai kayan babur ta iso bayan kwana biyu ta ga fuskar mijinta yadda ta san ta. Sista Bahijja ta yi mako ba ta amsa gaisuwarsa da kyau. A gida Tani ta tambaye shi yadda jawabin ya tafi, ya ce Alhaji ya tsufa. Ta ce Allah ya ƙara masa lafiya, ta miƙa masa tuwo.

Bazarar da ta biyo baya wata bas ta kife a hanyar kasuwa. Aka kawo mutum biyar da ba a san su ba, 'yan ƙwadago daga nesa. Biyu suka shiga durowa, uku aka shimfiɗe a daɓe, kuma duka ɗaya ne, domin wuta ta yi kwana huɗu ba ta leƙo ba. Yusha'u ya bi masu ƙanƙara har garin gaba, ya samu abin da ya samu, ya ninka gawayi, ya wanke daɓe sau biyar a yini. A rana ta uku abin ya ƙetare katanga. Maƙwabta suka kai kuka wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai gaba, jami'an lafiya suka zo ba sanarwa. Suka ba da umarnin a rufe ɗakin, duk gawar da za ta kwana a riƙa wucewa da ita Kano.

Sai aka zo neman mai laifi, kuma lissafin bai yi wahala ba. Akwai rahoton mutum biyar masu mutunci da ke cewa 'yan watanni kaɗan da suka wuce ɗakin lafiya lau yake da wannan wutar, da wannan firjin. Tun da wuta ba ta sauya ba, firji bai sauya ba, to mai kula ne ya yi sakaci. Ba a kore shi ba, saboda daɗewarsa. Aka mai da shi gadin ƙofa. An ce da labarin ya kai ga Alhaji Aƙilu, bayan wani ya warware masa yadda abin yake, sai ya ce, "To me ya hana yaron ya gaya mini?"

Shekara biyu Yusha'u ya yi a ƙofar. Cikin aikinsa har da buɗe wa akori-kurar da ke ɗaukar gawar baƙo zuwa Kano, a buɗaɗɗen baya, cikin rana, an lulluɓe ta da tabarma. Yakan tsayar da direban ya gyara ɗaurin, ya ce ya bi a hankali a wurin ramuka, direban ya ce ai mai ita ba ya ji. Bayan haka ya nemi a sallame shi, aka sallame shi. Ya koma Ruwan Bago da Tani, yana noma abin da ya faɗo masa na gonar gado. In an yi rasuwa a ƙauyen shi ake kira wanka, kuma ba ya karɓar komai. Bara ciwon baya ya hana shi sunkuyo, yanzu yana zama a kan kujera yana faɗa wa masu wankan abin da za su yi.